RNA marar furotin a sankarar furostet: aikinsa da aunonsa

Ɗalibin_Lab: Assalamu alaikum, malamai. PCA3 ba ya samar da furotin, to ta yaya yake taɓa sankarar furostet? Kuma me ke sa sakamakon miR-141, wani ɗan gajeren RNA, a ruwan jini yake hawa da sauka tsakanin samfuri da samfuri?

Dakta_Bala: Wa alaikumus salam. Rashin furotin ba ya nufin zaman banza. PCA3 dogon RNA ne, an bayyana shi a 1999 da sunan DD3. Yana zaune a kan kuromozom na 9, cikin ƙwayar gadon PRUNE2, amma ana karanta shi ta kishiyar fuska. Sai ya manne da RNA ɗin PRUNE2 su zama tagwayen zare, ADAR, enzayim mai sauya haruffan RNA, ya gyara su, PRUNE2 mai danne ƙari ya ragu. SChLAP1 kuwa, wani dogon RNA marar furotin, hana SWI/SNF, rukunin furotin mai sassauta naɗin DNA, zama kan DNA yake yi, kuma an fi ganinsa a sankara mai saurin yaɗuwa.

A gwajin fitsari na Progensa mai auna PCA3, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2012, likita yana danna furostet ta dubura sau 3 kowane ɓangare, a karɓi fitsarin farko mililita 20 zuwa 30, a zuba mililita 2.5 a kwalbar ajiya kafin awa 4. Maki shi ne PCA3 a raba da RNA ɗin PSA, furotin da furostet ke samarwa, a ninka da 1000. In ba a danna sosai ba, sel ba sa zubowa, sakamako ya fito babu amfani.

Malama_Hauwa: Ɗana, matsalar miR-141 yawanci tun daga ɗibar jini take. Kwalbar heparin, maganin hana jini daskarewa, tana kashe PCR, hanyar ninka DNA da ake aunon da ita, a yi amfani da kwalba mai EDTA, wanda shi ma yake hana daskarewa. A juya a injin tace jini (centrifuge) sau biyu, jinin a ƙarfin 1,900g na minti 10, sannan ruwan jinin a 16,000g na minti 10, don kwashe ragowar faletilet, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In jajayen ƙwayoyin jini sun fashe, gajerun RNA da ke cikinsu, miR-451a da miR-16, suna cika samfurin. Don gane fashewar, auna hasken da samfurin ke sha a 414nm. Ya wuce 0.2, ajiye shi gefe. Wanda ya daidaita lissafin miR-141 da miR-16 a irin wannan samfurin, ƙarya zai karanta.

Dakta_Bala: Haka ne, Malama. U6 ma, wani ƙaramin RNA da ake daidaita lissafi da shi, ba abin dogaro ba ne a ruwan jini. A zuba cel-miR-39, RNA ɗin tsutsa da ake ƙarawa a matsayin ma'auni, bayan an sa ruwan fasa samfuri, ba kafin ba, in ba haka ba RNase, enzayim mai narkar da RNA, ya cinye shi.