Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan adon ɗaki na Sallah

1. Kusan kowa ya amince cewa faifan kaba da aka rina da karan dafi, wanda ke ba da ja mai duhu, sun fi ƙawata bango, muddin aka jiƙa kabar kafin saƙa don kada ta karye.

2. An yarda a shafe bango da farar ƙasa kwana 3 kafin Sallah domin ya bushe sosai.

3. An rabu kan ƙwarya. Wasu na shafa mata man gyaɗa bayan an zana ta da ƙarfe mai zafi, wasu kuwa sun ce man yana kama ƙura, musamman lokacin hunturu, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi.