Musayar Waƙa: Lamba 21 ta Oakland, Gwani ne Ko Suna ne Kawai?

Baban Iman:

Salamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya kokawa muka sha, yau na tsallaka da ku Amurka, wajen wasan nan da suke ce wa ƙwallon ƙafa alhali hannu ne ke yawancin aikin. Ga wanda bai taɓa kallo ba: mutum 11 ne kowane ɓangare. Akwai mai jifa, akwai masu rugawa su cafe, sannan akwai masu gadin baya da aikinsu shi ne hana cafewar. Wanda ke tsayawa gefe ya manne wa mai cafewa shi ne konabak, na can ƙurya kuma sefti. Gwanina Nnamdi Asomugha, konabak mai lamba 21 na ƙungiyar Raiders ta Oakland. Ƙa'idar dai ba ta canja ba, mai ja ya ja da baiti.

Bismillahi na buɗe baitina,
Ku ba ni kunne, ya 'yan zaurena,
Ba kokawa ce yau a bakina,
Wasan Amurka na zo da shi, ku jiya.

A Luwiziyana aka haifi yaron nan,
1981, garin Lafayette ɗin nan,
Los Angeles ta raine shi bayan nan,
Iyaye 'yan Ibo ne, tushensu Nijeriya.

Berkeley ya je, ga karatu ga wasa,
Can ƙurya aka aje shi, sefti a tawagarsa,
Dogo ne, ga tsawon hannu abin taƙamarsa,
Shekara huɗu yana gadi a Jami'ar Kalifoniya.

2001 tawagar ta sha kashi,
Wasa 11, ɗaya tak aka ci cikinshi,
Jeff Tedford ya zo koci, ya kama aikinshi,
Suka ci 7, har Stanford ta sha wuya.

2003, ranar zaɓen 'yan wasa,
Raiders na Oakland suka kira sunansa,
Na 31, zagayen farko, aka miƙa hularsa,
Masana suka taɓe baki, wai an yi ɓarnar dukiya.

Suka ɗauke shi daga ƙurya suka kai gefe,
Sabon aiki, sai koyo dare da safe,
Mai cafewa ya taso, hanya tana toshe a rufe,
Ƙarshe masanan nan su suka ji kunya.

Ɗan Auta:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ka san ni ɗan lissafi ne, kirari ba ya cika mini ciki.

Baba ka yi zuba, amma ban ƙoshi ba,
Gwanin nan naka littafi bai san shi ba,
Shekara 3 na farko bai tare ko ɗaya ba,
Ƙwallon abokin gaba bai faɗo hannunsa ba.

Shekara 11 a sana'ar, ba kaɗan ba,
15 kacal ya tare, ban ƙara ba ban rage ba,
Charles Woodson da suka yi ɗaki ɗaya fa, Baba,
65 ya tara, ba tatsuniya ba.

Shi Woodson tun a Michigan bai ɓuya ba,
1997 ya ɗau Heisman, kambun gwanin jami'o'i, Peyton Manning bai samu ba,
Ya je Green Bay ya sa zoben Super Bowl na zakaru, ba na aro ba,
Naka ko sili-ɗaya-ƙwale bai taɓa leƙawa ba.

In dawa ce a kawo mudu, ba kirari ba,
Ba a taɓa naɗa marar dami sarkin noma ba.

Na Oakland:

Auta, ƙanina, sassauta. Ni a garin nake jan tasi, kuma na shiga filin da ƙafata lokacin yana ganiyarsa. Farkon kaka ne, jar ƙasar 'yan besbol ma ba a rufe ta da ciyawa ba, don a lokacin filin na haɗaka ne da ƙungiyarsu ta Athletics. Wani fasinjana ne ya dame ni in je in ga "ɗan ƙasarku". Na hau jirgin ƙasa na BART na sauka, na haye gadar nan cikin mutane sun shafe fuska da baƙi da ruwan azurfa kamar 'yan tashe. Ga abin da na gani.

Na shiga Coliseum, iskar teku na kaɗawa,
Baƙi da azurfa ko'ina, ana ta kururuwa.

Lamba 21 na can gefe, ba ya ko motsawa,
Taku ɗaya tsakaninsa da mai shirin cafewa.

Ana sakin ƙwallo, hannu ya kai ƙirji da dannawa,
Yadi 5 doka ta ba shi, cikinsu yake gamawa.

Mai gudu ya nemi hagu, hagu ba ta buɗewa,
Ya karkata dama, mutumin na nan yana biyowa.

Mai jifa ya ɗaga kai, daƙiƙa uku gare shi na dubawa,
Ya kalli gefen sau ɗaya, ya juya ba waiwayawa.

Ni da na sayi tikiti in ga gwani yana cafewa,
Na tashi ban ga komai ba, daga gudu sai tsayuwa.

Na fito ina tsaki, kuɗin wuni guda na ƙonewa,
Sai a jirgi na gane abin da ido ya kasa ganowa.

Ba rashin iyawa ya hana shi tarewa,
Rabin fili ya kulle, ya hana kowa wucewa.

2006 sun gwada shi, suna ta jefowa,
8 ya tsince, daga nan suka bar gwadawa.

Ka duba littafin naka da kyau: 2007 ɗaya, 2008 ɗaya, 2009 ɗaya, 2010 babu. Kuma a 2008 da 2010 ɗin ne aka sa shi sahun farko na gwanayen lig gaba ɗaya. Mutum bai tare ko ɗaya ba a shekara, a ce yana cikin biyun da suka fi kowa a gurbinsa. Masu zaɓen ba mahaukata ba ne.

Ɗan Auta:

Yaya, gani ya kori ji, na sallama wannan,
Amma shekarar da ya tsinci 8 ɗin nan,
Wasa 2 Raiders suka ci, 14 suka zubar a nan,
Gida ya ci wuta ƙurmus, kuna yabon ƙyauren nan.

Shekara 8 ya yi a Oakland, babu guda da ci ya rinjayi faɗuwa. Wadda ta fi dama-dama ita ce 2010, 8 da 8.

Baban Iman:

Ɗana, kafin in amsa: amsa-amon "ba" da ka hau ɗazu na malalata ne, kowa ya musa abu ya samu baiti kyauta. Na bar ka don yarinta. Kuma ban rage wa Woodson komai ba, zaki ne. Aikinsu ne ya sha bamban, shi mafarauci ne mai yawo yana neman ƙwallo, nawa kuwa an ba shi mutum ɗaya an ce kar ya sha iska.

A layinmu akwai maigadi, shekara goma nan yake kwana,
Bai taɓa kama ɓarawo ba, ko na kaza da rana.

In na bi lissafinka, Auta, sai in kore shi da hannuna,
Alhali don shi nake barci ban ko kulle ɗakina.

Ka ce gida ya ci wuta, to wa ya ƙyasta ashana?
Koci 5 a shekara 8, kowa da sabuwar magana.

Callahan, Turner, Shell, Kiffin, Cable, ƙirga da yatsuna,
2007 suka ɗau JaMarcus Russell na 1, aka ƙare da ƙuna.

Mutum ɗaya cikin 11, ya rufe nasa gefen, ɗana,
In ɗaya gefen na yoyo, laifin wa? Faɗa mana.

2009 Al Davis mai ƙungiya ya kai shi ma'auna,
Dala miliyan 45.3 na shekara 3, ba a ba rago wannan, ɗana.

Gwaggon Zaure:

Salamu alaikum. Na yi shiru ina jin ku. Baban Iman da Na Oakland, kun ja birki a 2010 kamar a nan labarin ya ƙare. Ni ɗana ne ya koya mini kallon wasan nan, ƙungiyarsa kuwa Eagles ta Filadelfiya, saboda haka mu muka kwashi ragowar tukunyar. Baban Iman, ara mini amsa-amonka na farko.

2011 aka yi masa ca, kowa na zawarcinsa,
Dallas na so, Jets na so, ana ƙirga kuɗinsa,
Dala miliyan 60, shekara 5, ya rattaba hannunsa,
Ya tattara ya bar Oakland, sai Filadelfiya.

Vince Young, ɗan wasan Eagles, ya ga taurari sun cika ɗaki,
Ya ce ƙungiyar mafarki ce, ya saki baki,
Mafarkin bai kai asuba ba, abin mamaki,
8 aka ci, 8 aka zubar, aka tashi da kunya.

Mai tsara tsaron, Juan Castillo sunansa,
Layin masu kai hari ne da can aikinsa,
Ya ɗauko mai gadin mutum ya canja zamansa,
Ya ce gadi fili, yau gefe, gobe tsakiya.

Ɗan kokawa ne, sai ya kama yake jin daɗi,
Ka ja shi baya ka ce tsaya nan ka yi gadi,
Hannu ya rasa abin riƙo a fili mai faɗi,
Masu jifa suka farga, tsoro ya fita gaba ɗaya.

Watan Satumba Giants suka zo da wani yaro,
Victor Cruz, da zaɓe ya tsallake, ba suna ba taro,
Ya yi tsalle a kan gwaninku ba ko tsoro,
Ya cafe ya ci, ranar ya taka rawa gaban duniya.

Amma kar mu ɗora wa koci kaya duka,
Shekara 30 ta cika, gudu ya fara sauka,
Konabak in taku ɗaya ya ragu, an wuce ka,
2012 wasa 4 aka ci, Maris aka nuna masa hanya.

Ranar Cruz ɗin nan ɗana ko tuwo bai taɓa ba, na ajiye masa har ya sandare. Abin da ya sa ban riƙe mutumin a rai ba shi ne na ji gidauniyar gidansu na taimakon marayu da zawarawa a Nijeriya, shi kuma yana kwasar ɗalibai marasa ƙarfi ya zaga da su jami'o'i su ga inda za su iya kaiwa. Wannan ba ya shiga littafin Auta.

Ɗan Auta:

Gwaggo, Allah ya bar mana ke, kin rage mini aiki. Saura ɗaya.

Ga abin dariya, ku duba rigunansu,
Woodson 24 a Oakland, Nnamdi 21, lambobinsu,
Da suka bar gari kamar sun yi musaya tsakaninsu,
Mai 21 ya sa zobe, mai 24 ya sha ihun 'yan kallonsu.

2021 Canton ta karɓi Woodson cikin manyansu,
Aka ƙera kansa da tagulla aka jera a sahunsu,
Naku na waje har yau, yana hangen ƙofarsu.

Na Oakland:

Maganar Canton, wato gidan tarihin gwanayen wasan da ke jihar Ohio, ba zan ja da kai ba. Ganiyarsa shekara biyar ce, 2006 zuwa 2010, Woodson kuwa 18 ya yi a fili. Ni ma da ni ke riƙe da makullin gidan sai na yi tunani biyu. Gwaggo kuma ta faɗi gaskiya mai ɗaci, na haɗiye. Bari in kai shi gida.

2013 ya koma Kalifoniya, San Francisco ya je gwadawa,
Wasa 3 ya buga, Nuwamba suka ce ba ci gaba, sai rabuwa.

Disamba ya haye gada, Oakland inda ya fara tasowa,
Kwantiragin yini guda, don da baƙar riga ya yi ajiyewa.

Woodson ma shekarar ya dawo gida yana bugawa,
Tsoho na cikin fili, ƙane na bakin ƙofa yana sallamawa.

Shekarar ya auri 'yar fim Kerry Washington, ba ganga ba sanarwa,
Ko auren shiru ya yi shi, sai daga baya ake ta faɗawa.

Yanzu fim yake, yana fitowa yana kuma shiryawa,
Da an ƙi kallon gefensa, yau tikiti ake saye don ganowa.

Zan sauka nan, fasinja ya kira daga filin jirgi.

Baban Iman:

Allah ya tsare hanya, Na Oakland. Baitinka na ƙarshe ya ɗan yi ɗingishi, "ganowa" dole ka yi mata, amma direba ne a bakin aiki, an yafe. Auta, ka sauko?

Ɗan Auta:

Na yarda maigadi ne, ɓarayi sun san layinsa,
Amma 15 dai 15 ce, ku bar ni da littafinsa.

Mako mai zuwa ni zan buɗe, da Woodson, tun daga Michigan. Amsa-amo "ƙi" zan sa, in ga wanda zai ce mini malalaci.

Gwaggon Zaure:

Sa "ƙi" ɗin, muna nan. Ka dai zo da wuri, wancan karon sai da muka yi isha muna jiranka.