Ku da kuka karanta kuma kuka kalla, fim ya taɓa riƙe amanar littafi kuwa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun daren Juma'a.

Ina da wani tsohon kwafin Jurassic Park na Michael Crichton da na saya a gwanjon littattafai a Sabon Gari tun ina ɗalibi. Bangon ya rabu, da salatif na liƙe shi, kuma sau uku ina sauke shi. To ran Juma'a bayan isha'i yaran yayata suka matsa sai mun kalli fim ɗinsa na 1993. Muka jingina waya da filas ɗin shayi a tsakar gida. Sun ji daɗi ƙwarai, ƙaramar har bayana ta ɓuya lokacin da ruwan kofi ya fara rawa saboda takun dabbar dinoso, irin ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da. Ni ma wurin ya kama ni. Amma da aka gama sai babban ya ce, "Kawu, tsohon nan ya ba ni tausayi." Maganar ta dame ni.

A littafin, tsohon nan John Hammond, attajirin da ya gina gidan dabbobin a wani tsibiri, ba abin tausayi ba ne. Mai kwaɗayin kuɗi ne da taurin kai. Mutane na mutuwa a tsibirin, shi yana ɗora wa ma'aikatansa laifi, yana lissafin yadda zai sake gina wani wurin. Daga ƙarshe ya gangaro daga tudu ya ji ciwo a ƙafa, ƙananan dabbobin da shi ya sa aka dawo da su duniya suka taru a kansa suka cinye shi. Fim ɗin kuwa ya mai da shi kakan kirki mai farin gemu da sanda, ya hau jirgi mai saukar ungulu ya tsira. Littafin jan kunne ne ga mai dukiyar da ya ɗauka kuɗi zai juya masa komai, amma fim ya wanke shi tas.

Shi ne nake tambaya: manyan finafinan nan da Amurkawa ke saki tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da yaransu ke dogon hutu mu kuma muna cikin damina, akwai wanda ya riƙe amanar littafin da aka ciro shi?

Mai turi a Farm Centre:

Wa alaikumus salam Malam. Ni wuni nake ina tura wa mutane finafinai a waya, kuma da wuya wani ya tambaye ni ko daga littafi aka ɗauko. Amma ka sani Crichton da kansa yana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin, ka ga ba a bayan idonsa aka yi ba.

Littattafan zane kuma nasu daban ne. Jarumi ɗaya sai ya yi shekara hamsin yana yawo a hannun marubuta barkatai, to wane ne asalin? Ɗauki Civil War, labarin rigima tsakanin jarumai masu baiwar ƙarfi irin su Spider-Man. A zanen 2006 zuwa 2007 rigimar a kan dokar da ta ce kowane jarumi ya yi rajista da gwamnati ne, har Spider-Man ya buɗe fuskarsa a gaban 'yan jarida. Fim ɗin 2016 ya faro ne da haɗarin da ya kashe mutane a Legas (duk da a Amurka aka ɗauki wurin, kowa ya gani ya san ba Legas ba ce), sannan ya karkata ga batun aminci tsakanin abokai. Thanos ma, babban mugun labaran jaruman nan, a zanen 1991 ya hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace. A fim ɗin 2018 aka ba shi dalilin cewa abinci da arziki ba za su ishi kowa ba. Gaskiya ni na fim ɗin ya fi shiga kaina.

Uwargida daga Hotoro:

Ni ina rubuta littattafan Hausa da ake karantawa a waya, don haka wannan magana ta taɓa ni. Malam, ina bayanka.

Yanke-yanke dole ne. Littafin Harry Potter na biyar shi ne mafi tsawo a cikin bakwai ɗin, ya haura shafi 700, amma fim ɗinsa na 2007 bai cika awa biyu da rabi ba. Dole a zubar da kaya. Abin da ke min ciwo shi ne wanda ake zaɓa a zubar. A na shida, 2009, an bar faɗa da soyayyar yara, aka cire labarin mahaifiyar Voldemort, mugun labarin, da irin gidan ƙunci da ta tashi a ciki. Wanda ya tsaya ga fim zai ga mugu kawai, ba zai san daga ina muguntar ta tsiro ba.

Mu ma haka ne. Zan iya cika shafi uku da abin da ke zuciyar mace ran da aka kawo lefen kishiyarta: tana wanke-wanke, tana tuna ranar da aka kawo nata, tana haɗiye kuka don kada 'yarta ta gani. Kamara me za ta ɗauka? Mace na wanke kwanuka. Sai jaruma ta ƙware sosai, darakta kuma ya yi haƙuri ya bar ta ta yi shiru, kafin mai kallo ya ji abin. Su kuwa finafinan hutun nan an zuba musu miliyoyin daloli, ana so yaro da babba su shigo, ba sa jure shiru. Na yarda a rage mutane, a haɗe wurare biyu su zama ɗaya. Amma a canja wa mutum hali kamar yadda aka yi wa Hammond, wannan wani labarin aka ba mu da sunan wancan.

Dattijon Yakasai:

Ɗana, tambayarka ta yi kyau, sai dai kada ka yi musu kuɗin goro. Fim ɗin da ya kafa wannan al'ada ta sakin manya a lokacin hutu shi ne Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kuma daga littafi yake. Wanda ya yi shi, Spielberg, shi ne dai ya yi naka. A littafin akwai wata mu'amala marar kyau tsakanin matar ɗan sanda da masanin kifin, wadda ba ta ƙara wa labarin komai. Fim ya share ta, ya bar maza uku a ƙaramin jirgin ruwa da kifin da ba ka cika ganinsa ba. Na karanta, na kalla, fim ya fi.

Kuma mu ma mun daɗe a harkar. Tun 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim.

Ɗan Gwammaja:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ban karanta Jaws ba, zan nema. Hajiya, kin faɗi abin da na kasa faɗi. Mai turi, na karɓi batun littattafan zane, amma na Hammond ina nan a kan bakata, ko da marubucin ya sa hannu.

Jiya na miƙa wa babban yaron littafin. Yana aji biyar na sakandare, Turancin zai ɗan ba shi wuya, na haɗa masa da ƙamus. Ban gaya masa yadda tsohon ya ƙare ba. Ɗazu uwarsa ta kira ni ta ce da tocilan ya kwana yana karantawa.