Kawu ya mayar mini da kuɗin tsinkar inabi

Laminu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Abu ne ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Kun san ina karatu a Dijon, ƙasar Faransa. A watan Satumba, kafin a koma aji, na yi kwana goma ina tsinkar inabi a gonar wasu iyali a yankin Burgonyi. Cikin ladan na aika wa Kawu wani abu a Damagaram don a rufe ɗakin Inna da kwano, sai ya mayar mini da kuɗin, wai ba za a rufe ɗakin 'yar'uwarsa da kuɗin giya ba. Ni ban sha ba, ban sayar ba. Almakashi da bokiti kawai na riƙe, a durƙushe tun safe har bayana ya ƙage.

Gonar duka hekta shida ce, tsoho ne da 'yarsa da jikansa. Wasu kurangun mahaifinsa ne ya dasa su. Kullum kafin mu fara sai ya bi layi, ya tsinki ƙwaya guda, ya tauna, ya tofar da ƙwallon a tafin hannu ya duba. In da sauran kore a jikinsa sai ya ce a bar layin nan sai jibi. Ya ba ni labarin Afrilun 2021, lokacin da sanyi ya sauko bayan kurangu sun yi toho, suka kwana uku a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka, duk da haka fiye da rabin amfanin ya ƙone. Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa. Ranar farko da ya ga ban karɓi kofinsu ba, bai sake miƙo mini ba. Ruwan inabin da aka matse a ranar yake ajiye mini, ya kuma nuna mini gefen rumfa inda zan yi salla.

Abin da nake cewa, irin waɗannan ƙananan gidaje manoma ne kamar iyayenmu, sana'ar gado suke riƙe da ita, kuma masu manyan jari suna ta haɗiye gonakinsu. Wallahi hannun tsohon nan akwai albarka. A ce gumina a gonarsa ƙazanta ne, abin ya yi mini ciwo.

Malam Sabi'u: Wa'alaikumus salam. Albarka? Laminu, ka janye kalmar nan tun kafin a ci gaba. Mutum goma aka la'anta a kan giya, hadisin yana cikin Tirmizi da Ibnu Majah, kuma mai matsa ta yana cikinsu. Ta yaya hannun da aka la'anta zai zama mai albarka?

Laminu: Allah gafarta Malam, nufina duk abin da ya shuka yana yin kyau. Haka muke faɗa a gida.

Malam Sabi'u: To a gida ma kuskure ne. Albarka alheri ne daga Allah mai ɗorewa. Ka ce ƙwarewa, ka ce iya noma, ba wanda zai tanka maka.

Hajiya Binta: Haba Malam. Ni shekarata ashirin ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. In mutum ya taya mini kaya bai kai ba, me nake cewa? Albarka. Kirista na faɗa masa, Bayarabe na faɗa masa, ban taɓa tambayar mutum sana'arsa ba. Yaron nan Hausa ya yi, bai yi fatawa ba.

Usaini: Hajiya ki bar su. Da sun ji kalmar albarka sai jikinsu ya ɗauki ɓari. Mu da muke neman albarkar shehunnanmu me ba su kira mu ba?

Malam Sabi'u: Usaini, kada ka jawo mana zawiya cikin maganar nan. Ka tsaya a kan tambaya: shehin naka zai sa wa gangar giya albarka?

Usaini: A'uzu billahi. Ka ga irinta ko? Yanzu ka haɗa sunan bayin Allah da ganga. Sai ka nemi gafara.

Abba Fagge: Ni dai na ji cewa Imamu Abu Hanifa ya halatta sayar da ruwan inabi ko ga wanda zai mai da shi giya, don laifin na wanda ya sarrafa ne. Balle tsinka.

Malam Sabi'u: A wane littafi ka gani?

Abba Fagge: A wa'azi na ji.

Malam Sabi'u: To mu Malikawa ne, kuma a wurinmu ba a sayar wa mutum abin da aka san saɓo zai yi da shi. Manyan almajiran Abu Hanifa biyu ma ba su bi shi a kan wannan ba. Mutum bai san Hanafiyya ba sai ranar da yake neman mafita.

Rabi'u Faris: Ni ba ruwana da albarka ko rashinta. Laminu ƙanena, kada ka zo ka yi mana daɗin baki da tsohonka mai kirki. Shekarata tara a nan Faransa. A kakar 2023 a yankin Shampanye, inda ake noman inabin giya, an samu 'yan ci-rani fiye da hamsin, yawancinsu daga Afirka ta Yamma, an cusa su cikin wani kangon gida mai ƙazanta, har magana ta kai kotu. A kakar ta 2023 kuma masu tsinka biyar suka mutu lokacin zafi. Kwalbar da ake buɗewa a bikin manya, bayan baƙar fata ne a ƙarƙashinta.

Laminu: Yaya Rabi'u, ai maganata ka ƙarfafa. Waɗancan ɗan kwangila ne ya kwaso su, mai gonar ma bai san sunayensu ba. Mu a tebur ɗaya muke cin abincin rana da masu gida, 'yar tsohon ce ta rubuta mini takardar aiki da hannunta. Bambancin ƙaramin gida da babba kenan, kuma shi na zo faɗa tun farko.

Sani Mai Waya: Ku 'yan Nijar kuna ba ni mamaki. Kun kori sojan Faransa a 2023, kun cika titi da murna, ga ɗanku can a durƙushe yana tsinkar musu inabi har yana sa musu albarka.

Mamman Tasawa: Sani ka kama bakinka. Karatu ya je yi, kuma doka ta ba ɗalibi damar aikin awa 964 a shekara. Naku nawa ne ke wanke-wanke a Ingila? Ko don su ba su zo nan sun faɗa ba?

Sani Mai Waya: Wanke-wanke ai ba giya ba ne.

Mamman Tasawa: Kofunan da suke wankewa na kunu ne?

Ɗanladi: Tunda an zo nan bari in tambaya. Hisba tana fasa kwalaben giya a Kano muna gani a hoto, amma harajin VAT da ake karɓa a kan giya a Legas ana raba shi da duk jihohi. Wannan kuɗin akwai albarka a cikinsa ko babu? Me ya sa na Laminu kaɗai ya zama ƙazanta?

Malam Sabi'u: Ɗanladi, wannan magana ce tsakanin Musulmi.

Ɗanladi: Zauren na tsoffin ɗalibai ne, Malam, aji ɗaya muka zauna da kai.

Abba Fagge: VAT ɗin nan kullum sai an goranta mana. Tumatur da albasa da shanun da muke kai musu fa? Su wa ke ciyar da Legas?

Hajiya Binta: Ikon Allah. Daga ɗakin Inna mun kai Legas.

Nasiru Hunkuyi: Ni manomin inabi ne, a nan ƙaramar hukumar Kudan muke noma shi, na ci ne, ana kai shi Zariya da Kaduna da Abuja. Duk wanda bai taɓa yi wa kuranga aski ba bai san abin da yaron nan yake faɗa ba. Ka kuskure ido ɗaya a reshe, ka yi asarar nono guda. Laminu, nasu 'yan aure ne kamar mangwaro?

Laminu: Kusan dukansu, Yaya Nasiru. Tun wajen 1860 da wani abu wani ƙwaro ya shigo daga Amurka yana cin saiwa, ya kusa ƙarar da gonakin Faransa. Maganin da suka samu shi ne su ɗora reshen nasu a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa. Har yau haka suke yi. Sabon dashe kuma sai ya shekara uku kafin a ci moriyarsa, shi ya sa tsohon yake cewa shi jikansa yake yi wa dashe.

Malam Sabi'u: Nasiru, naka na ci ne, shi ne mai albarka. Kada ka haɗa kanka da su.

Usaini: Af, yanzu kuma kai ke raba albarkar?

Alhaji Garba (shugaban zaure): Ya isa haka. Na karanta komai tun daga sama, ga abin da aka tsayar. Malam Sabi'u ya kawo hadisi, ba wanda ya kawo abin da ya ture shi. Na Abba ji ne kawai. Saboda haka jama'a sun gamsu cewa kalmar albarka ba ta dace ba, kuma Kawun Laminu ya yi abin da kowane dattijo zai yi. Rabi'u ya tabbatar mana cewa harkar nan duk zalunci ce, ƙanana da manya. Usaini da Ɗanladi su suka kawo rarrabuwar kai, ina jan kunnensu. Laminu ya nemi wani aikin baɗi. An rufe wannan magana.

Hajiya Binta: Alhaji, wace jama'a ce ta gamsu? Ni ban gamsu ba, kuma ban ga sunana a cikin bayaninka ba. Rabi'u ma bai ce ƙanana ba.

Laminu: Kuɗin suna nan ban taɓa su ba, ɗakin Inna kuma har yanzu leda ce a samansa. Yaya Nasiru, su a can cikin hunturu suke askin, daga Disamba zuwa Maris. Na roƙi tsohon ya bar ni in zo in tsaya a bayansa rana ɗaya, ya ce in taho da safar hannu. Zan ɗauko maka hoton inda yake sa almakashi.