Dan Allah a ba ni shawara, gane-ganen jarumata yana tona min sirrin labari

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Ina rubuta littafin soyayya mai sarƙaƙiya, jarumar aikinta gyaran tsofaffin zanen fenti, to akwai zanen wata mata da duk sanda ta taɓa shi sai ta fara gane-gane, tana ganin matar a ɗakin da aka zana ta tana kuka, shi kuma wanda take so shi ne ya gaji zanen yana shirin sayarwa. Matsalar gane-ganen nan yana fasa ƙwai tun kafin tsakiyar littafi, waɗanda suka duba min sun ce tun da wuri suka gano ƙarshe. In cire ne ko yaya? Wlh shi na fi so a labarin.

Anti Babba: Wa alaikissalam ƙanwata, kar ki cire. Kin bari tana ganin komai ne. Ki rage mata, ta ga hannu da zobe kawai, ta ji warin fenti da ƙarar rufe ƙofa, fuska kuwa sai can gaba. Kuma ba wanda zai yarda da ita dan ta ce ta gani, dole ta nemo hujjar da za a taɓa da hannu.

Malam mai zane: Gsky Anti ta gama magana, hujjar kuma tana jikin fentin. Akwai wani Bajamushe Wolfgang Beltracchi da aka kama a 2010, ya daɗe yana zanen jabu yana sayarwa, abin da ya tona shi farin fentin titaniyom da aka gano a zanen da aka ce na 1914 ne, alhali wannan farin bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920. Haka wani shuɗin fenti da ake kira shuɗin Furusiya, wajen 1706 aka haɗa shi a birnin Balin na Jamus, in kika gan shi a zanen da aka ce ya girmi haka to ƙarya ce. Sannan ki sa jarumar ta yi wa zanen hoton eksire irin na asibiti, sbd farin dalma da tsofaffin masu zane ke amfani da shi yana tare hasken, sai abin da aka shafe a ƙarƙashi ya fito, ko yaro ne a cinyar matar aka rufe da mayafi. Ta juya bayan allon ma, nan ake samun hatimi da takardun waɗanda suka taɓa mallakarsa.

Wata 'yar'uwa: Ni soyayyar ce damuwata Anti, in gaskiyar ba za ta cutar da saurayin ba to ba labari. Ki sa abin da ta gano ya karya darajar zanen ko ya taɓa sunan kakansa, mu ga za ta faɗa ko za ta yi shiru.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, yaron da aka shafe ɗin nan ya shige ni sosai. Malam ana iya cire fentin sama ba a lalata na ƙasa ba?

Malam mai zane: Ana yi Hajiya, da auduga a tsinke da sinadari, wani wurin da 'yar aska ƙarƙashin madubin ƙara girma, kaɗan-kaɗan har watanni. Amma sai mamallakin zanen ya sa hannu ya amince, wato saurayin nata.