Simfoni na Uku na Copland: Faifan Wa Za A Riƙa?

Malam Habibu: Jama'a, ra'ayina a kan Aaron Copland, Ba'amurken nan mai tsara kiɗa da aka haifa a Brooklyn a 1900 ya rasu a 1990, shi ne duk kiɗan da ya tsaya da kansa a gaban makaɗa ya jagoranta har aka ɗauka a faifai, wannan faifan shi ne hujja, na sauran jagorori kuwa fahimtarsu ce kawai. Simfoninsa na uku, wato dogon kiɗa mai kashi huɗu da babban rukunin makaɗa ke kaɗawa, sau biyu ya ɗauke shi a Landan, a 1958 da kuma 1976, don haka ban ga dalilin da zai sa mai saurare ya tsallake waɗannan ya tafi ga na wani jagoran makaɗa, Leonard Bernstein, ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hajiya Rabi: Malam, Allah ya ƙara sani, amma misalin da ka ɗauko shi ne zai kayar da maganarka. A watan Oktoba na 1946 aka fara kaɗa wannan simfoni a Boston, Serge Koussevitzky na jagoranta, kuma ba a daɗe ba Bernstein ya ga cewa ƙarshen kiɗan ya cika tsawo da hayaniya, sai ya yanke 'yan gaɓoɓi daga kashi na huɗu. Da farko Copland bai ji daɗi ba, daga baya ya amince, har aka buga kundin kiɗan da wannan giɓi a cikinsa. Ke nan faifan da kake kira hujja yana ɗauke da tabon almakashin mutumin da ka ce a tsallake.

Malam Habibu: Hajiya, ai tunda ya amince, yankan ya zama nasa. Wanda aka ba shawara ya karɓa ya sa hannu, ba a cewa aikin ya fita daga hannunsa.

Dakta Sule: Ina tare da Malam Habibu a wannan gaɓa, sai dai ina ganin amsar tasa ta buɗe wata ƙofa da bai so buɗewa ba. Idan Copland na 1946 ya rubuta abu ɗaya, na daga baya kuma ya yarda da wani, wanne daga cikinsu ne mai ɗakin? Jagoran makaɗa Leonard Slatkin ya ɗauki simfonin da makaɗan Detroit, kamfanin Naxos ya fitar a 2017, an mayar da gaɓoɓin da aka cire. Na saurara sau da yawa, kuma a kunnena ƙarshen ya fi cika, domin busar ƙahonin tagullar nan ta Fanfare for the Common Man, wadda Copland ya tsara a 1942 ya kuma gina kashi na huɗu a kanta, tana samun sararin kai wa ƙololuwa ba tare da an katse mata numfashi ba. Wani zai ce Bernstein ya yi gaskiya, an yi yawa. Ba zan yi jayayya da kunnensa ba.

Hajiya Rabi: Akwai kuma abin da ya kamata mu lura da shi, Dakta. Mu mun saba da makaɗin da shi ne mai ƙirƙira, shi ne mai rerawa, 'yan amshi na bayansa, saboda haka muryarsa ita ce waƙar. A can kuwa tsara kiɗa sana'a ce daban, riƙe makaɗa tamanin ko fiye sana'a ce daban, kuma Copland sai da ya manyanta sannan ya rungumi ta biyun sosai, alhali Bernstein ya shekara goma sha ɗaya, daga 1958 zuwa 1969, yana shugabantar makaɗan Niyok. Shi ya sa faifan Bernstein na 1966 ya fi na Copland kaifi da zafi.

Malam Habibu: To, zafin nan shi ne abin da nake ƙi, Hajiya. Bernstein yakan ja wuri mai sanyi har ya cika shi da shauƙi, kuma ya fi yin haka a ɗaukarsa ta 1985, shi kuwa Copland yakan bar kiɗan ya tafi a miƙe, babu ƙawa, wanda na ɗauka haka ya ji shi a ransa lokacin da yake rubutawa.

Dakta Sule: Malam, bari in tambaye ka a kan Appalachian Spring. A 1944 Copland ya rubuta wannan kiɗa domin rawar Martha Graham, mai tsara raye-raye, da kayan kiɗa goma sha uku kacal saboda ƙarancin wuri a zauren da aka fara nuna shi a Washington, a 1945 ya faɗaɗa shi domin cikakken rukunin makaɗa, sannan ya ɗauki kowanne a faifai da hannunsa. Idan ɗalibi ya ce ka ba shi guda ɗaya, wanne za ka miƙa masa?

Malam Habibu: Na goma sha ukun zan ba shi, Dakta, na 1973. Amma na simfoni na uku, sai na sake sauraren na Slatkin tukuna.