Mugu Shi Ya San Makwantar Mugu: Shin Maganar Ta Hau Kan Ɗan Wasa?

Mai buɗe zance, daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. A daren Asabar da ta wuce ƙanena da abokansa suka taru a zauren gidanmu suka sake kallon The Dark Knight, fim ɗin Batman na 2008. Da aka gama babu wanda ya ko ambaci jarumin, domin bakinsu duka yana kan bos ɗin, wato Joker, da kuma Heath Ledger wanda ya fito a matsayinsa: yadda yake lasar leɓe, yadda muryarsa take sauka ta tashi, da yadda yake dariya a inda ya kamata a yi kuka. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mugu shi ya san makwantar mugu," yana nufin babu mai iya kwaikwayon mugunta har haka sai wanda yake da ita a cikinsa, wani kuma ya ƙara da cewa ai muguntar ce ta ci shi. Maganar ta tsaya mini a rai, saboda mutumin ya riga ya mutu tun ranar 22 ga Janairu, 2008, yana da shekara 28, watanni shida kafin fim ɗin ya fito, kuma ba shi da bakin da zai kare kansa. Ina so masana su faɗa mini: wannan karin magana a nan ne muhallinsa, ko kuwa yaran sun ɗora masa kayan da ba nasa ba?

Wani malamin Hausa mai ritaya, daga Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana cikin kalmomin kansu. Ka fara duba "makwanta". Wannan kalma ce da ta fi zama a bakin mafarauta, wurin da dabba take kwanciya ta ɓuya bayan ta gama yawonta. Saboda haka maganar ba a kan sanin zuciyar mugu take ba, ba kuma a kan iya kwaikwayonsa ba, a kan sanin maɓoyarsa take. A da idan aka yi sata a unguwa aka rasa bakin zaren, sai wani ya kawo shawarar a nemi tsohon ɓarawo ya nuna hanya, to a nan ne dattijo zai ce mugu shi ya san makwantar mugu. Haka nan idan wani ya cika bayar da labarin inda 'yan caca suke haɗuwa da lokacin da suke watsewa, sai a jefa masa ita don a nuna masa cewa yawan sanin nasa abin tuhuma ne.

Sai kuma wannan "shi" da ke tsakiya, wanda yake da nauyi fiye da yadda ake zato. Idan ka ce "mugu ya san makwantar mugu", ka faɗi abin da kowa zai yarda da shi. Idan ka ce "mugu shi ya san", ka rufe ƙofa ke nan, ka ce babu wanda ya sani sai shi. Na ji ana faɗinta ta hanyoyin biyu, amma ta biyun ce take yanka, kuma ita abokin ƙanenka ya ɗauka. A nan ne na ga kuskurensa, domin maharbi ya san makwantar kura bai zama kura ba, alƙali kuma ya san dabarun ɓarayi fiye da ɓarawon da ya fara jiya. Maganar da ta dace da ɗan wasa ita ce "kama da wane ba wane ba ne".

Wata ɗaliba mai karatun wasan kwaikwayo, daga Samaru:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, na ƙaru ƙwarai da bayanin "makwanta". Ina so in ƙara abin da ya shafi aikin kansa, saboda zancen cewa rawar da Heath Ledger ya taka ce ta kashe shi ya daɗe yana yawo. Abin da hukumar binciken gawa ta New York ta bayyana shi ne cewa ya mutu ne ta hanyar haɗari, sakamakon haɗuwar magungunan asibiti a jikinsa, kuma a lokacin ya riga ya gama ɗaukar fitowarsa ta Joker, har yana tsakiyar aikin wani fim dabam. 'Yar'uwarsa ma ta fito a 2017 ta musanta cewa aikin ya jefa shi cikin ƙunci. Shi da bakinsa ya ce ya kulle kansa a ɗakin otal a Landan na kusan wata guda yana gwada muryoyi, yana rubuta tunanin wannan mugu a wani ɗan littafi. Wanda mugunta take jininsa ba ya buƙatar wata guda yana neman muryarta. Wannan wahalar koyo ce, irin wadda muke sha a nan Jami'ar Ahmadu Bello idan aka ba mutum matsayin da ya saɓa wa halinsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda masu kallo suka juya. A 2006, da aka sanar cewa darakta Christopher Nolan ya zaɓe shi, masoya Batman da yawa sun yi ta ƙorafi, suna cewa mai fitowa a finafinan soyayya ba zai iya ba, kuma ba zai kama ƙafar Jack Nicholson wanda ya yi Joker a 1989 ba. Wato da farko laifinsa shi ne ba shi da fuskar mugu, da ya yi aikin kuma har aka ba shi lambar yabo ta Oscar a 2009 bayan mutuwarsa, sai laifin ya koma cewa ya san mugunta da yawa.

Mai gidan kallo, daga Sabon Gari:

Ranka ya daɗe Malam, ina neman afuwa, amma ban yarda yaran sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Na shafe shekaru ina zaune a bakin ƙofar gidan kallo ina jin abin da mutane suke faɗi idan sun fito, kuma mafi yawan masu jefa wannan magana a kan bos yabo suke nufi, ba zargi ba. Kamar dai yadda ake ce wa gwanin ƙwallo "shege" ne, ba don ana zagin iyayensa ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san haka: Amrish Puri ya fito a matsayin Mogambo a Mr. India na 1987, kuma har ya mutu a 2005 mutane da yawa a nan ba su san shi da wani suna ba sai wannan. Ana tsinarsa a cikin duhun sinima, ana kuma biyan kuɗi a dawo saboda shi, don fim ɗin da bos ɗinsa ba shi da ƙarfi akta ma ba ya haskawa. Karin magana kuwa ba dutse ba ne da zai zauna inda kakanni suka ajiye shi, bakin mutane yake bi.

Sannan akwai gaskiya a cikinta ko da an ɗauke ta da nauyinta. Allah ya faɗa a Suratu Yusuf, aya ta 53, cewa rai mai yawan umurni ne da mummunan aiki. Kowane ɗan Adam ya taɓa jin hassada da fushi da son ramuwa sun motsa a ƙirjinsa, ko da ya danne su. Ɗan wasa daga wannan rijiya yake ɗebowa, mai kallon da tsikar jikinsa ta tashi shi ma ya gane abin ne saboda ya san shi a cikin kansa.

Malamin Hausa ya sake cewa:

Ɗan'uwana, maganarka ta biyu tana da kyau, sai dai ita ce take rushe ta farkon. Idan kowa yana da wannan rijiya, to "mugu" ya zama kowa ke nan, kuma karin maganar ya rasa aikinsa, tunda aikinsa shi ne ware mutum ɗaya daga cikin jama'a a nuna shi da yatsa. Na yarda magana tana bin bakin mutane, amma wadda aka ƙera don tuhuma ba ta rasa kaifinta don mai riƙe da ita yana murmushi. Shaida ita ce abokin nan na biyu, wanda nan take ya ɗora da cewa muguntar ce ta ci shi. Da yabo kawai ya ji, da bai kai can ba.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A watan azumi yaran Zariya suna fita tashe, yaro ya manna gemun auduga ya riƙe sanda ya zama tsoho, wani ya ɗaura zane ya zama mace, kuma ban taɓa jin wanda ya bi yaro gida washegari yana tuhumarsa da abin da ya kwaikwaya ba. Mun san bambancin mutum da rigar da ya ara tun kafin majigi ya zo ƙasar Hausa. Idan ana neman maganar da ta bayyana halin masu kallon da suke huce haushin bos a kan ɗan wasa, ga ta nan: zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Marubuci ne ya tsara muguntar, darakta ya ba da umurni, shi kuwa ɗan wasa rataya ta kawai ya yi a kafaɗa ya fito da ita kasuwa.

Wata uwa, daga Tudun Jukun:

Ni damuwata ta ɗan bambanta da taku. Ba na tsoron yaran da suke zargin ɗan wasa kamar yadda nake tsoron waɗanda suka ƙaunaci mugun. Ɗana na fari ya sa fuskar Joker a wayarsa, na 2019 wanda Joaquin Phoenix ya yi, kuma da na tambaye shi dalili sai ya ce ai mutumin zaluntarsa aka yi har ya koma haka. Haka ya goyi bayan Killmonger, bos ɗin fim ɗin Black Panther, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa a 2018, saboda ya tsaya a gidan tarihi a Landan ya yi magana a kan kayan Afirka da aka kwashe, mu kuma mun san abin da sojojin Ingila suka ɗebe daga masarautar Benin a 1897. Koken gaskiya ne, amma mai koken kisa yake yi ba tare da tausayi ba, har da na kusa da shi. Gwanintar ɗan wasan ce ta sa yaro ya ji koken ya manta gawarwakin. Saboda haka ba na so mu wanke 'yan wasa har mu ce aikinsu ba ya barin tabo a zuciyar mai kallo.

Ɗalibar Samaru ta amsa:

Gaskiyarki ne, Mama, kuma wannan nauyi ne a wuyan duk wanda ya sa hannu a fim ɗin. Amma tabon da kike faɗi daga ƙwarewarsa ya fito, ba daga halinsa ba, kuma karin maganar halin take tuhuma.

Mai buɗe zance:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙanena bayanin Baba a kan "makwanta" da "shi", ya yi shiru, sannan ya ce shi dai yabo ya ji a bakin abokinsa, kamar yadda mai gidan kallo ya faɗa, amma ya yarda cewa zancen mutuwar bai kamata ba kuma zai gaya masa. Abin da Mama ta kawo shi ne ban samu amsarsa ba, domin da na duba wayar ƙanen nawa, shi ma fuskar Joker ce a kai. Baba, ko akwai abin da Hausawa suke faɗi a kan wanda aka zalunta, sannan ya zarce wanda ya zalunce shi a mugunta? Ina so in same shi kafin su sake taruwa ranar Asabar.